Mai Kiwon Fumfuna

Shuɗi ake ce masa, kuma duk wanda ya ga hannunsa ba ya tambayar dalili. Daga yatsu har wuyan hannu launi ya riga ya zauna daram. Babu sabulun da bai gwada ba, babu abin da matarsa ba ta dirza masa ba, duk a banza. Shekara talatin da uku ya yi a sashen rini na wata masaƙa, goma sha biyu a bakin tukwanen rini, sauran kuma a bayan gini, inda aka mai da shi mai kula da ruwan da aka gama aiki da shi. Wai ƙarin girma aka yi masa. Girman dai shi ne wata kujerar ƙarfe mai ɗingishi, da rumfar kwano, da tankunan siminti uku, da wani ƙaton bawul mai kai kamar sitiyarin mota. In ya murɗa shi, ruwan rini ya bi ta ƙarƙashin katanga ya kama gabansa.

Gaban nasa kuwa layin da Shuɗi yake zaune ne. Kwata ce ta ratsa layin tun daga kai har ƙarshe, ta bi ta ƙofar kowane gida, kowa ya ɗora katako yana tsallakewa. Mutanen layin sun riga 'yan kasuwa sanin launin da za a yi yayi. Yau kwata ja ce, gobe koriya, jibi wani irin launi da ko suna ba shi da shi. Tana tururi, tana wani wari mai kama maƙogwaro, ko sauro bai yarda ya zauna mata ba. Da yamma Shuɗi zai taso daga aiki ya biyo ruwan da ya saki da hannunsa, su jera tare har ƙofar gidansa. Maƙwabta su gaishe shi, ya amsa. Ba wanda ya taɓa ce masa uffan, kuma wannan shirun ya fi zagi ci masa rai. Tsohuwa mai wanki da ke gidan kusa da nasu kullum gaisuwarta ɗaya ce: «Sannu da aiki.» Idonta kuma a kan kwata take faɗa, ba a kansa ba.

Matarsa ta shigo layin tana yarinya mai faɗin ƙirji da babbar murya, layin ya mai da ita mai tari. Tun suna da ɗa ɗaya yake ce mata za su tashi. Bari yaron nan ya shiga makaranta. Bari na biyun ya gama. Bari a samu wanda zai riƙe bawul. Haka shekaru suka yi ta wucewa da bari-bari, yara huɗu suka girma suka watse, ita tana nan tana goge baƙin da tururi yake bari a jikin taga. Daga ƙarshe Auta ce, ƙaramar 'yarsu, ta yi abin da ubanta ya kasa. Tana aiki a wani gari mai nisan wuni guda a mota, ta gina musu ɗaki a bayan gidanta, mai taga biyu, iska na shiga ta fita. Likita ma ya riga ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa ƙirjin matar Shuɗi ba zai ƙara ɗaukar wata shekara a bakin wannan kwatar ba. Shuɗi ya kai takardar ajiye aiki, manaja ya sa hannu, aka tsai da ƙarshen shekara. A ranar, matarsa har waƙa ta yi tana shara.

Saura wata takwas ya tafi sai ga wata malama daga jami'a, siririya, da takalmin roba da ya fi ƙarfin ƙafarta, ana biye da ita da buhuna. Hukuma ce ta matsa wa masaƙar a kan ruwan da take zubarwa, shi kuma manaja ya ji an ce akwai hanya mai sauƙi, ya ce a zo a gwada. Malama ta kwance buhu ɗaya a gaban Shuɗi. Garin katako ne a ciki, wani farin abu ya lulluɓe shi kamar auduga, yana ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa.

Shuɗi ya ja da baya. Fumfuna! A masaƙa! Shi da ya ga an kori mai kula da sito a gaban idonsa don an samu ɗigon fumfuna a bandir uku na yadi. Duk rayuwarsa abin da ya sani shi ne in ka ga wannan abu ka kankare shi, ka zuba bilic, ka buɗe taga. Yau ga mace da digirinta ta kawo shi buhu-buhu tana lallaɓa shi.

Ta zauna a bakin tanki ta yi masa bayani a hankali, tana ce masa Baba. Ta ce wannan naman gwari ne, irin wanda yake fitowa a jikin ruɓaɓɓen itace a daji. Shi ne yake cinye ƙarfin itacen har ya bar shi fari fat, yana marmashewa a hannu. Ruwan da yake fitarwa don ya narkar da itace, shi ɗin ne kuma yake iya karya launin rini na kanti, wanda rana da sabulu suka kasa. Za a zuba shi a buhunan raga a rataye cikin tanki na biyu da na uku, da ɗan injin da zai riƙa hura iska. Ruwa ya kwana uku a kansa, zai sha launin. Amma abu ne mai rai, yana da abin da ba ya so. Ba ya son gishiri ya yi yawa, don haka sai an sirka da ruwan ɗauraya. Ba ya son zafi ko kaɗan, don haka duk ruwan da ya fito daga tukunya sai ya huce sarai a tanki na farko kafin a sako masa. Ta miƙa masa ma'aunin zafi, ta nuna masa wani jan layi da ta zana a jiki, ta ce kada ya kuskura ya buɗe sai ya sauka ƙasa da nan.

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Tana juya baya ya rataye shi a ƙusa.

To, a nan sai an fahimci marina. Marini ba ya tambayar ƙarfe ko gilashi zafin ruwa. Hannu yake tsomawa. Da hannu ya koya, da hannu wanda ya koya masa ya koya, kuma abin kunya ne a gan ka kana leƙen wani ɗan tsinke kamar sabon shiga. Shuɗi ya bar ruwa ya yi wuni, ya tsoma hannu har wuyan hannu, ya ji shi salam, ɗumi-ɗumi. Ya buɗe.

Kwana biyu malama ta dawo ta tarar da buhunanta sun yi baƙi, sun yi yauƙi, suna warin ruɓa. Aikin wata huɗu da ta yi tana renon irin ne ya dahu. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce wallahi sai da ruwa ya huce. Ta ce ya nuna mata. Akwai sabon ruwa a tanki na farko, ya tsoma hannu ya bar shi a ciki yana kallonta, ya ce ga shi nan, ko jariri aka sa ba zai yi kuka ba. Ta sa ɗan yatsa ɗaya, ta fizge da sauri tana yarfewa. Daga nan ta daina kallon tanki, ta koma kallon hannunsa. Ta daɗe tana kallo.

«Baba,» ta ce, «tun yaushe hannun nan ya daina jin zafi?»

Bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Shekara goma sha biyu a tukunya sun kashe fatar tun tuni, shi kuma yana ɗauka ƙwarewa ce. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana saurayi. Dattijo da furfurarsa, abu ɗaya da yake taƙama da shi a duniya ashe gawa ce yake yawo da ita.

Da ya ba matarsa labari, dariya ta yi har tari ya sarƙe ta. Ta ce ai ita ta daɗe da sani, mutumin da yake sauke tukunya daga wuta ba tsumma, ta ɗauka dai burga yake mata. Da ta lafa sai ta ce masa, shi da bai taɓa yi wa yaro wanka ba ina zai sani, ai ba da tafin hannu ake gwada ruwan jariri ba, da gwiwar hannu ake yi. Ta kama hannun rigarsa ta naɗe har sama, ta nuna masa inda launi ya tsaya, fata ta koma irin ta mutane. Ta ce nan wurin da ransa, ya je ya gwada da shi.

Da aka kawo sababbin buhuna ya yi amfani da ma'aunin, ba musu. Amma ba a yi wata ba rini ya cinye lambobin da jan layin, idonsa ma dama ba na karatu ba ne. Sai ya koma wa gwiwar hannu. Kowace safiya za ka gan shi durƙushe a bakin tanki, riga a naɗe, ya karkace kamar mai sauraron magana a ƙasa. Ma'aikata suka samu abin tsokana, suka ce Shuɗi ya yi haihuwar tsufa, wasu na tambayarsa ko jaririn ya kwana lafiya. Ya ƙyale su. Ya koyi ƙamshin abin in yana cikin ƙoshin lafiya, da yadda yake yin tsami in iska ta yi masa kaɗan. Ya koyi cewa ja ya fi shuɗi taurin kai, sai ya ƙara masa kwana. Ya koyi dafa garin katako, ya bar shi ya huce, ya gauraya da tsohon iri ya rufe, bayan mako biyu ya buɗe ya tarar fari ya mamaye ko'ina. Mutumin da ya yi shekara ashirin da ɗaya aikinsa murɗa ƙarfe kawai, yau ga shi yana kiwo.

Ranar da ya fara sakin ruwan tanki na uku, sai da ya tara a kwalba ya ɗaga wa rana. Ruwan da ya shiga baƙi-ƙirin ya fito kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Malama ta ja masa kunne cewa ba na sha ba ne, har yanzu da gishiri da sauran tarkace a ciki, kada ya bari kowa ya ɗauka an gama. Ya ce ya ji. Amma da yamma da ya biyo kwata zuwa gida, babu tururi, babu wari, kana iya hango duwatsun ƙasa, sai ya ga ƙafarsa ta ƙi sauri. Bayan wata biyu aka ji kukan kwaɗo a layin. Yaran da aka haifa a nan ba su taɓa ji ba, har wata mata ta fito da muciya tana neman abin da ya shigo. Tsohuwa mai wanki kuwa, wata rana yana wucewa ta ɗago daga kan bahonta ta dube shi a ido, ta ce masa sannu da aiki. Kalmomin dai su ne na kullum. Ya shiga gida ya zauna bakin gado, ya rasa abin da yake damunsa, sai can ya gane daɗi ne.

Lokacin malama ya ƙare, aikinta na jami'a ya kai inda aka yanka masa. Ta bar masa wata babbar kwalba cike da iri, ta ce ya ajiye a inuwa, ko da wani abu ya faru da na tanki. Ya kai ta gida ya tura ƙarƙashin gado. Matarsa ta ce duk tsawon zamansu tana yaƙi da fumfuna a ɗakin nan, yau ga shi an kawo mata ita da murfi.

Matsalar abin ɗaya ce, ba ya sauri, masaƙa kuwa ba ta san jira ba. In aiki ya yi yawa, tukwane suna amayar da ruwa fiye da abin da tanki na farko zai iya riƙewa, sai dai ko a tsai da injuna ruwa ya huce, ko a tura shi da zafinsa. Ranar farko da hakan ta faru manaja da kansa ya zagayo bayan gini, yana toshe hanci da hankici, ya ce a buɗe. Shuɗi ya miƙe, ya cire hula, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya ce ruwa bai huce ba. Manaja ya ce ba tambayarsa ya yi ba. Shekara talatin da uku Shuɗi bai taɓa ce wa na gaba da shi a'a ba, saboda bakuna huɗu da ke jiransa a gida. Ranar sai ya laluba cikinsa ya ji babu tsoron, ashe tsoron ya tafi tun da yaran suka watse.

«Ranka ya daɗe,» ya ce, «takardata ka riga ka sa mata hannu. In kora ce, ka rage mini wata uku ne kawai. Ruwan nan sai ya huce.»

Injuna suka tsaya rabin wuni. Manaja ya yi ta bambami, amma bai kore shi ba, don takardar yabo da masu duba ruwa suka bayar tana rataye a ofishinsa cikin gilashi, kuma ya san wanda ya jawo ta. Sau huɗu ana haka kafin shekara ta ƙare. Har ya kira Shuɗi ya ce ya ƙara ko shekara ɗaya, ƙofa a buɗe take. Shuɗi ya ce ya yi wa mai ɗakinsa alkawari.

Wanda aka ba shi ya koya wa aikin Dogo ne, marini mai shekara arba'in da 'ya'ya shida, mutumin kirki, ba ya wasa da aiki. Shuɗi bai ɓoye masa komai ba. Ya sa shi ya tsoma tafin hannu, sannan gwiwar hannu, ya ji bambancin da kansa har ya yi salati. Ya koya masa ƙamshi, ya koya masa dafa garin katako. Wata biyu suna tare, Dogo ya iya aikin tsaf, har ya fi shi ƙarfin ɗaga buhu. Ranar ƙarshe Shuɗi ya miƙa masa kujerar mai ɗingishi, ya nuna masa dutsen da ake sa mata a ƙafa, ya fita bai waiwaya ba.

Kwana uku suka yi suna ɗaure kaya. Matarsa ta rarraba wa maƙwabta abin da ba za a ɗauka ba, tana tari tana dariya, ta koma kamar wadda aka cire wa shekara goma. Auta ta iso da motar kaya da safiyar rana ta huɗu. Aka loda gado, da katifa, da akwatuna, da keken ɗinkin da ya daɗe da mutuwa amma matarsa ta ce ba ta barin shi. Kwalbar irin Shuɗi ya naɗe ta a tsohuwar riga ya cusa a tsakanin kaya, da niyyar in sun biyo ta ƙofar masaƙa ya miƙa wa Dogo. Aka taimaka wa matarsa ta hau gaba kusa da direba.

Warin ne ya fara isowa. Shuɗi yana ɗaure igiya ya ji shi a maƙogwaro, bai ko buƙaci ya juya ba. Ruwa ne ja wur yake gangarowa daga kan layi, yana tururi, ya cika kwata har yana lasar katakan ƙofofi. Wani mataccen kwaɗo ya taso, cikinsa a sama. Tsohuwa mai wanki ta janye bahonta daga bakin kwata, ta shige gida ta turo ƙofa. Ba ta dubi kowa ba.

Ya ce wa Auta yana zuwa. Ya bi kwata a ƙafa har katanga, mai gadi ya buɗe masa ba tambaya. Tankuna uku duk suna hayaƙi, buhunan raga suna yawo a ciki sun yi jajir. Dogo yana tsaye a bakin bawul, hannun rigarsa na dama a naɗe har sama, gwiwar hannun ta yi ja saboda ƙuna. Ashe ya gwada, kuma ya san amsar da ya samu.

«An ce in buɗe, Baba,» ya ce, bai ɗago kai ba. «Na ce bai huce ba. Aka ce in zaɓa, ko in buɗe ko in ajiye aiki. Ni ba a sa mini hannu a takarda ba.»

Shuɗi ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Me zai ce masa? Shi da ya yi shekara ashirin da ɗaya yana murɗa wannan ƙarfen duk lokacin da aka ce ya murɗa, don yara huɗu kawai, wannan kuwa shida gare shi. Ya koya wa Dogo komai, amma abin da ke riƙe bawul ɗin ba a koyar da shi, sai mutum ya tsufa yaransa sun kama gabansu. Ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya kashe injin iska, ya fara kwashe buhunan, a wanke tankuna da ruwan sanyi.

Da ya dawo layi, direba ya riga ya tayar da mota. Shuɗi ya hau baya ya laluba cikin kaya ya zaro kwalbar. Ya zagayo wajen tagar da matarsa take, yana riƙe da ita a ƙirji, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce zai miƙa musu ne kawai, ya nuna wa Dogo yadda za a tayar da sabo, mako biyu ne iri yake kamawa, ko uku. Ya ce su yi gaba, yana nan biye da su.

Auta ta fara magana, tana cewa Baba don Allah, uwar ta ɗaga mata hannu. Ta dubi mijinta, ta dubi kwalbar, ta dubi jan ruwan da ke wucewa a ƙarƙashin katakon ƙofar da ta tsallaka shekara talatin da uku. Ba ta yi fushi ba. Tausayinsa ne ya kama ta, da na kanta.

«Auta,» ta ce, «sa a sauke masa katifa. Da bargon nan mai kauri, da tukunya ƙarama.»

«Na ce miki mako biyu ne.»

«Na ji, Malam. A sauke masa har da fitila.»

Aka sauke. Motar ta tsallaka kwata a hankali, tayoyinta suka bar jan sawu har bakin titi. Ya tsaya a ƙofar gida da katifa a jingine da bango, yana jin tarin matarsa yana nisa har ya daina ji. Sannan ya ajiye kwalbar a inuwa, ya fara naɗe hannun riga.